Daminar da Hatsinmu Ya Haifi Ganye

Bazarar bana ta cika shekara hamsin da rasuwar wana, Nomau. Da na zauna in rubuta wani abu a kansa, sai na tarar ban san ko mutum nawa suka rage a duniya da za su ce sun taɓa ganinsa ba. Ba shugaba ba ne, ba attajiri ba ne, ba a raɗa wa titi ko makaranta sunansa ba. Malamin gona ne a ƙasar Kurfai, irin waɗanda muke kira monitar. Ya yi aikinsa na 'yan shekaru, ya mutu bai kai arba'in ba. Yanzu na ninka shekarunsa, na yi aikin koyarwa har na ajiye, amma har yau in na tuna shi Yaya nake ce masa a zuciyata.

Shi ne ɗan fari a gidanmu, ni ce auta. An ɗauke shi lakkwal, wato makarantar boko, tun zamanin Nasara, lokacin da iyaye ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu don kada a ɗauka. Ana samun mulkin kai yana gama makarantar aikin gona, aka tura shi ƙaro ilimi can kudu, ƙasar kurmi. Ya komo da wando kaki da wata tsohuwar mobilet, irin ƙaramin babur ɗin nan, wadda rairayin dallol, babban kwarin ƙasarmu, ya fi ƙarfinta, turin da yake yi mata ya fi hawan yawa. Baba, saboda kunyar ɗan fari, bai taɓa kiran sunansa ba. Da can "kai" yake ce masa, da ya komo sai ya samu sauƙi, ya riƙa ce masa Monitar kamar kowa.

Akwai labarin da yake yawan ba ni ina ƙarama. Ya ce a can kurmi malaminsu ya kai su gindin wani dutse mai tsattsafo, ya nuna musu wani ɗan tsiro mai rarrafe a ƙasa, kamar igiya mai koren gashi. Ba ya fure, ba ya ƙwaya. A ƙarshen reshensa yake fid da wani ɗan kai mai kama da zangarniya, wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba, cike da gari rawaya, garin nan kuwa shi ne irinsa. To amma wani lokaci sai kan ya ɓaci. Ko ya rabu biyu, ko ya fara zama kai sai ya fasa, ya ci gaba da fid da ganye, ba gari ba komai. 'Yan ajinsu suka kalla suka wuce. Shi kuwa ya tsaya ya tsuguna, don ya san wannan abin tun yana yaro, a gonar Baba.

Duk wanda ya tashi a ƙasar hatsi ya san shi. Mu kuturu muke ce masa. Hatsi ya tashi, ya yi kara, ya yi ciki, ranar da zai fid da kai sai ka ga maimakon zangarniya mai ƙwaya ya fito da wani cukurkuɗaɗɗen gashi na ƙananan ganyaye, murɗaɗɗu, kore shar. Wani rabin zangarniyar ƙwaya rabi ganye, wani kuwa ganye ne tun daga gindi har tsini. A kowace gona akan sami ɗaya nan ɗaya can, ba wanda ke damuwa. Yaya ya ce abin da ya raba su shi ne tsiron kurmi ba ruwansa, in kai ɗaya ya ɓaci sai ya rarrafa gaba ya kafa saiwa ya sake wani. Hatsi kuwa damina ɗaya gare shi, mai gonar ma haka.

Shi ya sa ya ɗauki kuturu da zafi fiye da yadda mutane ke ganin ya kamata. Ya ce cuta ce, tana kwana a ƙasa shekara da shekaru, tana bin iri, kuma in an bar karan da ya kamu ya ruɓe a gona an yi wa baɗi ajiya. Yakan bi gonaki yana tuge masu ciwon, ya tara a gefe ya ƙone. Ba a daɗe ba aka sa masa suna Sarkin Kutare. In ya ɓullo a kasuwar Filinge yana tura mobilet, sai ka ji ana cewa a ba da hanya ga sarki nan. Bai taɓa jin haushi ba, ɗaga hannu yake yi kamar mai karɓar gaisuwa. Shekarun nan ruwa na sauka yadda ake so, rumbuna cike suke, kowa na da sukunin yin wasa.

Kwanakin baya na bi ta kasuwar Balleyara, na ga wani saurayi yana sayar da maganin iri a 'yan ƙananan ledoji, jan gari wanda ake cuɗa hatsi da shi kafin shuka. Na tambaye shi maganin mene ne, ya lissafa mini, har da kuturu. Ya faɗe shi a tsakiyar lissafi, bai ko ɗago kai ba. Na tsaya ina kallon ledar. Na so in ji wani abu, ko daɗi ko baƙin ciki, amma ban ji komai ba sai zafin rana a bayan wuyana. Na tambayi kaina, da Yaya zai ga wannan leda, me zai ce? Ina jin da ya juya ta ya karanta bayanta, sannan ya tambayi yaron ko mutane na ƙone karan har yanzu. Yaron kuma da ya kalle shi kamar yadda aka riƙa kallonsa a da.

Bayan waɗancan shekarun na wadata ruwa ya fara ja da baya. Ba rana ɗaya fari ya zo ba, shekara bayan shekara ya riƙa matsowa. A yi shuka ta ƙone, a sake ta ƙone. Makiyayan arewa suka gangaro da abin da ya rage musu na shanu, suka zauna a bakin garuruwa suna kallon dabbobin suna faɗuwa. Muka ci anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita, muka ci dusa, muka ci jar dawar taimako da ake kawowa a manyan motoci. A shekarun nan Yaya ya daina ƙone kara, don ko kara mai kuturu abincin akuya ne, kuma ba wanda zai yarda a sa masa wuta. A ƙarshe aka ci iri. Baba yana da dammunan da yake ratayewa a ƙuryar rumbu, zaɓaɓɓun zangarnu na irinmu na gado, wanda ya karɓa daga hannun ubansa. Ranar da aka sauke su Inna ta sussuka ta daka, muka ci tuwon.

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka kawo irin taimako ƙauyenmu. Daga wata ƙasa ya fito, ban san wacce ba. Ta hannun Yaya aka raba shi, tunda shi ne monitar. Ya tsaya a gindin gawo yana auna wa kowane mai gida, ana yi masa addu'a. Ba shi ya zaɓi irin ba, bai kuma san halinsa ba. Abin da ya sani shi ne hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma ba gidan da ke da ko tafin hannu na abin shukawa.

Ruwa kuwa ya zo a shekarar nan. Ina makarantar horon malamai a lokacin, na zo hutun damina na tarar da ƙasar da na bari ja wur ta koma kore. Kwaɗi na kuka a tafki. Tsofaffi na fita su zauna a bakin gona ba don aiki ba, don kallo kawai. Na ga Baba, wanda ƙasusuwan kafaɗarsa suka fito ta cikin riga, yana tafe da hauya a kafaɗa yana 'yar waƙa a ciki-ciki.

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wadda ba za ta yi kyau ba ma haka ne. Hatsi bai kai gwiwa ba Yaya ya gane. Wata safiya na kai musu fura gona, na tarar da shi tsugune yana juya ganye yana duba bayansa. Ganyen ya yi fari-fari daga gindi, a bayansa kuma akwai wani abu kamar an barbaɗa gari, raɓa ta jiƙa shi. Ya matsa gaba ya juya wani, ya sake matsawa. Haka ya yi har ƙarshen gona, ya dawo ta wani layin. Furar na nan a ajiye bai taɓa ba. Cutar dama tana cikin ƙasarmu, irinmu na gado ya saba da ita, baƙon iri kuwa bai santa ba, ga kuma laima ta samu.

A nan bakin gona ya faɗa wa Baba, ina tsaye ina ji.

"Baba, hatsin ga ba shi da lahiya. Kuturu na, kuma ya bi mafi yawan gonar. In munka tuge shi yanzu munka sa wake, da sauran lokaci."

Baba ya dogara da hauyarsa ya daɗe yana kallon gonar. Sannan ya ce, "Monitar, shekara nawa rabon da idona shi ga kore a wurin ga? Yau na gani, kai kuma ka ce in tuge da hannuna?"

"Ba shi yin ƙwaya, Baba."

"Allah ka sa ƙwaya, ba kai ba."

Iyakar maganar ke nan. Ba a ɗaga murya ba, ba a kuma sake tayar da ita ba. Yaya ya bi gida-gida ya faɗa wa mutanen da ya auna wa iri. Wasu suka yi masa godiya suka ci gaba da nomansu, wasu suka ce bakinsa ya sari ɗanyen kashi. Ya tura mobilet har Filinge ya gaya wa na gaba da shi, aka ce masa ƙasa duka tana murna da damina, kada ya tayar wa mutane da hankali a kan 'yan ƙauyuka. Ya dawo ya shiga gamanarsa, ɗan yankin gonar da Baba ya yanka masa da ya yi aure, ya tuge hatsin duka. Matarsa Shatu, da goyo a bayanta, ta taya shi kwashewa, ba ta tambaye shi dalili ba. Masu wucewa suka tsaya a hanya suna kallon mutum yana cire koren hatsi bayan shekarun yunwa. Daga ranar ba a ƙara ce masa Sarkin Kutare ba. Wasa sai da natsuwa ake yinsa.

Na yi ta tunanin wannan rana tsawon rayuwata, kuma ban taɓa iya ba ɗayansu rashin gaskiya ba. Yaya ya ga abin da ke zuwa. Baba ya ga abin da ke gabansa, ya kuma san da babu gara ba daɗi. Mutumin da ya ci irin ubansa ba za ka ce masa ya sake yin wata asarar da hannunsa ba, ko da asarar ita ce magani.

Hatsi ya yi ciki, ya fid da kai. Na tuna yadda gonakin suka kasance, daga nesa ba ka taɓa ganin damina mai kyau irinta ba. Sai ka matso. Zangarniya bayan zangarniya, gashi ne kore yana kaɗawa a iska. Tsuntsaye ma ba su sauka ba. Mutane suka riƙa shiga gona suna fitowa, su gaisa a hanya, a ce ina aiki, a ce da godiya. Ba kuka, ba ihu. Ina jin kukan ya riga ya ƙare a shekarun baya. A rediyo kuwa ana ta cewa an yi damina mai albarka, kuma gaskiya ne, don a wajen Tabla da Bonkuku waɗanda suka samu tsohon iri sun cika rumbu.

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ba wanda ya zagi Yaya a fuskarsa, gaisuwa ce dai ta gajarce. Wata rana da hantsi wani maƙwabcinmu, mutumin kirki wanda ya binne 'ya'ya biyu a lokacin fari, ya zo da dami guda na zangarnu masu kuturu, ɗaure tsaf kamar na kai wa rumbu. Ya ajiye a ƙofar gidanmu ya juya. Yaya ya fito ya gani. Ya kwance damin, ya kai bayan gida ya sa masa wuta, ya tsaya har ya cinye. Igiyar kuma Inna ta ɗauka ta ɗaure akuya da ita.

Da kaka ta yi, Baba ya bi gona yana tsintar masu ƙwaya, ya samu abin da ya kai mu farkon sanyi. Waken Yaya kuwa an makara wajen shuka shi, ruwa ya ɗauke yana fure, harawa ta fi 'ya'ya yawa. Ba wanda ya gwada na wannan da na wancan. Duka a tukunya ɗaya suka ƙare.

Samari suka watse cirani, wasu Yamai, wasu bakin teku. Yaya bai je ko'ina ba. Ya ci gaba da zagayen ƙauyuka, sai dai ya rage magana, ya rage ci. Shatu ta gaya mini daga baya cewa yakan tura mata ƙwaryarsa ya ce ya ci a hanya, ita kuma tana shayarwa, sai ta karɓa ko da ta san ba haka ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da bazara sanƙarau ya shigo ƙasar, ya tarar da mutane ba ƙarfi. Yaya ya kwanta da ciwon kai, wuyansa ya sandare. Aka sa shi a amalanke za a kai shi likita Filinge, tsakar rana, Baba na tafe a gefe yana kare masa rana da malfa. Ba su kai ba. Aka juyo da jakin.

Ina makaranta ƙanen Baba ya zo ya sa aka kira ni bakin ƙofa. Ya ce, "Kulu, sai haƙuri. Nomau ya riga mu." Na ce Allah ya jiƙansa. Na tambayi baƙon nawa ko ya ci abinci. Sannan na koma aji na zauna, malami na bayani a kan yadda ake koya wa yara rabawa, na saurara har aka tashi. Da na isa gida an riga an yi kwana uku. Na zauna cikin mata, aka yi ta shigowa ana gaisuwa ina amsawa. Na jira kukan ya zo, bai zo ba. Na ce ko sai na koma makaranta, ko sai na yi aure, ko sai na haihu. Haka na yi ta jira har na daina.

Baba ya rayu shekaru bayan haka. Daminar da ta biyo ya taka da ƙafa har Bonkuku wurin wani amininsa ya samo tsohon iri. Bai kira sunan ɗansa ba yana raye, bai kuma kira ba bayan ya mutu, ko Monitar ɗin ma ya daina faɗi. Inna ta ce tana ganinsa wani lokaci yana fitowa daga gona da 'yan karare a hammata ya nufi bayan gari da ashana. Ni ban gani ba, ba zan kuma ce na gani ba.

Da Yaya zai leƙo yau, da ya ga kwalta ta kai Filinge, da ya ga yaro na ɗaukar hoton ganye da waya ya aika wa malamin gona ba tare da kowa ya tura mobilet ba. Da ya ga gonar Baba an raba ta an sake rabawa har kowane kaso bai fi gamanarsa ba, kuma ba a barin ƙasa ta huta ko shekara guda. Da ya ji cewa a arewacinmu akwai mutanen da ke da iri mai kyau da ruwan sama, amma tsoro ya hana su zuwa gona. Ban san abin da zai ce ba. Shi mutum ne mai son ya ga abu da idonsa kafin ya yi magana, kuma maganar da ya yi ta ƙarshe ba ta amfani kowa ba, har shi kansa.

To me ya rage? Na auna na sake aunawa, abin ba yawa. Ba hoto, don wanda aka ɗauke shi a makaranta gara ta cinye. 'Yar da Shatu ke goye da ita a shekarar nan yanzu kaka ce, tana tafiya da kai a sunkuye kamar mai neman wani abu a ƙasa, ba ta kuma san daga wa ta gado ba. A wurina abin da ya rage shi ne na taɓa ganin mutumin da ya san labari marar daɗi kafin kowa, ya bi ƙofa-ƙofa ya faɗa, sannan ya zauna cikin mutanen ya ci abin da suka ci. Bai gudu ba, bai kuma taɓa cewa ai na gaya muku ba. Ko wannan ya isa a rubuta a jarida, masu karatu su ne alƙalai.

Watan jiya na je ƙauye. Shatu na nan da rai, ta sake aure bayansa, ta binne wannan mijin ma, idonta ya yi rauni. Na roƙe ta ta raka ni wajen tsohuwar maƙabarta, don ban taɓa sanin inda aka sa shi ba. Muka tafi a hankali, ita da sanda ni da ciwon gwiwa, muka tsaya daga bakin hanya kamar yadda mata ke yi. Wurin ya baje, ba tudu ko ɗaya, sai sabara da sawun awaki.

Na ce, "Shatu, wanne na nashi?"

Ta ɗaga sanda ta zagaya da ita a iska. "Nan dai wajen ga na, tsakanin aduwar can da bakin gona. Ni ma da hannu anka nuna mini. Wa za shi riƙe, Kulu? Bazarar nan kullum sai an kai wani."

Muka ɗaga hannu. Tunda ban san nasa ba, sai na yi wa duk wanda ke tsakanin aduwa da bakin gona addu'a, har da 'ya'yan maƙwabcinmu. Muka shafa. Shatu ta ce rana ta yi, mu koma kada awaki su shiga mata ɗaki. Muka koma.